MOTS-c: Kasuwa ta riga bincike isa

A shagunan intanet na Amurka da Turai ana sayar da wata 'yar kwalba da ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba. Murfinta na roba ne, an ɗaure shi da zoben ƙarfe, a gindinta kuma ɗan farin gari ne da bai wuce miligiram 10 ba. A jikin takardar da aka manna mata an rubuta da ƙananan haruffa cewa don aikin bincike kaɗai aka yi ta, ba don jikin ɗan Adam ba. Wanda ya saya ya san ba gaskiya aka rubuta ba, mai sayarwa ma ya sani. Idan kaya ya iso, sai mai shi ya zuƙo tsabtataccen ruwan allura ya ɗura a kwalbar, ya juya ta a hankali har garin ya narke, ya ja da irin sirinjin masu ciwon suga, ya tsunkuno fatar cikinsa ya soka. Abin da aka yi masa alkawari shi ne kitse zai narke, gajiya za ta tafi, tsufa kuma zai sassauta tafiya.

Sunan abin MOTS-c. A ganina an cakuɗa magana biyu a kansa, kuma raba su shi ne duk aikin. Ilimin da ya gano shi na gaske ne, har ya sa an gyara abin da ake koyarwa game da jikin mutum. Alkawarin da ake sayarwa da sunansa kuwa ya yi wa wannan ilimin nisa ƙwarai.

Sai an fara daga mitokondiriya. Jikin mutum an gina shi ne da ƙwayoyin halitta, kuma in ban da jajayen ƙwayoyin jini, kusan kowace ƙwaya tana ɗauke da waɗansu ƙananan sassa a cikinta, wata ɗaruruwa wata dubbai. Aikinsu shi ne su haɗa abincin da aka ci da iskar da aka shaƙa su fitar da wani sinadari mai suna ATP, wanda da shi zuciya ke bugawa, ƙwaƙwalwa ke tunani, ƙafa ke ɗagawa. Shekara da shekaru ana ɗaukar su tamkar janareton da aka ajiye a bayan gida: a zuba masa mai ya ba da wuta, ba a neman shawararsa. Sai dai suna da wani abin mamaki. Suna da nasu DNA, wato rubutun gadon halitta, daban da wanda ke cikin cibiyar ƙwayar halitta, kuma ta wajen uwa kaɗai ake gadonsa. Tun 1967 masaniyar nan Lynn Margulis ta kafe a kan cewa asalinsu ƙwayoyin bakteriya ne da suka shiga cikin wata ƙwaya tun fiye da shekara biliyan ɗaya suka zauna, kuma yau wannan shi ne ra'ayin da aka yarda da shi. A 1981, a ɗakin binciken Fred Sanger da ke Kambirij ta Ingila, aka karance wannan DNA kaf: haruffa 16,569, ƙwayoyin gado 37, daga cikinsu 13 ne ke samar da furotin. Aka rufe littafi a kan wannan adadi.

Wanda ya fara ɓalle shi wani bincike ne a Jami'ar Keio ta Tokiyo a 2001. Yuichi Hashimoto da abokan aikinsa a ɗakin binciken Ikuo Nishimoto suna duba ɓangaren ƙwaƙwalwar wani mai cutar mantuwa ta Alzheimer wanda cutar ba ta cinye ba, suna neman abin da ya kare shi. Suka ci karo da wani ɗan guntun furotin mai amino asid 24, wato tubalan da ake gina furotin da su, suka sa masa suna humanin. Da aka bi sawunsa, sai ga shi rubutunsa yana cikin DNA na mitokondiriya, a wurin da kowa ya ɗauka ba a rubuta furotin ko ɗaya ba. Irin waɗannan guntayen su ake kira feftayid. Ba baƙi ba ne a asibiti, don insulin ma feftayid ne mai amino asid 51, haka ma semaglutide da ke cikin Ozempic, allurar nan ta ciwon suga, shi ma feftayid ne. Dalilin da ya sa yawancinsu da allura ake shigar da su shi ne in an haɗiye su ciki zai narkar da su kamar kowane nama.

Me ya sa aka yi shekara 20 ba a lura ba? Saboda masu lissafin ƙwayoyin gado sun ɗora wa kansu ƙa'ida cewa duk rubutun da bai kai amino asid 100 ba, tarkace ne, a tsallake. Pinchas Cohen da Changhan David Lee na Jami'ar Kudancin Kalifoniya da ke Los Anjelis suka koma cikin tarkacen suna tonawa. A watan Maris na 2015 suka wallafa a mujallar Cell Metabolism cewa sun gano wani feftayid mai amino asid 16 kacal, wato MOTS-c. A 2016 ƙungiyar Cohen ta ƙara bayyana wasu shida.

Binciken 2015 ɗin shi ne tushen duk hayaniyar. An ɗora ɓeraye a kan abinci mai maiƙo sosai, irin wanda ke sa su ƙiba har jikinsu ya daina jin insulin, wanda shi ne ƙofar ciwon suga nau'i na biyu. Waɗanda ake yi wa allurar MOTS-c kullum ba su yi ƙiba ba, alhali abincin da suke ci daidai yake da na sauran. Ɓerayen da suka fara manyanta kuma, bayan mako guda na allura tsokarsu ta koma ɗaukar suga daga jini kamar ta ƙanana.

Yadda yake aiki ya cancanci a tsaya a kansa, don a nan ake gane amfaninsa da kuma abin tsoronsa. A cikin ƙwayar tsoka MOTS-c yana taka birki ga wata hanyar sinadarai da ke amfani da folet, sinadarin nan da ake ba mata masu juna biyu. Idan hanyar ta cushe sai wani sinadari mai suna AICAR ya taru. Taruwarsa kuma tana kunna AMPK, wani furotin da aikinsa shi ne lura da yawan makamashin da ya rage a ƙwayar halitta. Da zarar AMPK ya ga makamashi ya ja baya, sai ya ba da umarni: a jawo suga daga jini, a fara ƙona kitse, a dakatar da ajiya da gine-gine. Abin da ke faruwa ke nan a jikin mai noma da rana ta take, da jikin mai azumi bayan la'asar. Metformin, maganin suga mai araha da ke kowane kyamis, shi ma yana taɓa AMPK ɗin nan. Saboda haka MOTS-c yana sa tsoka ta ɗauka an yi aiki ko an ji yunwa, ko da ba a yi ba.

A 2018 ɗakin binciken Lee ya fito da abin da, a wurina, ya fi duk maganar ƙiba muhimmanci. Sun nuna cewa idan aka takura wa ƙwayar halitta, misali aka rage mata suga, MOTS-c yana shiga cikin cibiyarta ya canza yadda ake karanta ɗimbin ƙwayoyin gado, musamman masu kare ƙwayar daga lalacewa. A da an ɗauka umarni daga cibiya kaɗai yake fitowa zuwa mitokondiriya. Yanzu ga shaida cewa ita ma tana da nata ɗan aike da ta rubuta da nata DNA. Ko da MOTS-c bai taɓa zama magani ba, wannan kaɗai ya isa a tuna da shi. Har yanzu dai masana na muhawara a kan yadda ake ƙera shi, domin in aka karanta rubutunsa da ƙa'idar mitokondiriya ba ya ba da ma'ana, sai da ƙa'idar wajenta, wato dole saƙon ya fita waje kafin a gina shi.

Maganar tsufa ta shigo ne gadan-gadan a Janairun 2021, da wani bincike da Joseph Reynolds da Lee suka wallafa a Nature Communications. Yana da ɓangaren mutane da ɓangaren ɓeraye, kuma masu talla sun ƙware wajen haɗe su biyun su zama ɗaya.

A ɓangaren mutane, samari 10 ne masu lafiya aka ɗora a kan keken motsa jiki. An ɗebi jininsu, an kuma ciro ɗan ƙanƙanin nama daga tsokar cinyarsu kafin su fara da bayan sun gama. MOTS-c na cikin tsoka ya ninka kusan sau 12. Na cikin jini ya ƙaru da kusan rabi, bayan hutun awa 4 kuma ya koma yadda yake. Ba wanda aka yi wa allura a cikinsu. Abin da aka auna shi ne wanda jikinsu ya ƙera da kansa sa'ad da suka yi gumi.

Allurar ɓeraye aka yi wa. An ɗauko 'yan wata 2, 'yan wata 12 da 'yan wata 22. Ɓera mai wata 22 in a mutum ne ya haura shekara 60, gashinsa ya fara zubewa, tafiyarsa ta yi nauyi. Bayan mako biyu ana yi musu allura kullum, aka ɗora su a kan na'urar gudu wadda saurinta ke ƙaruwa har sai dabba ta gaza. Tsofaffin da aka yi wa allura sun ninka lokacin gudun takwarorinsu, har suka wuce matsakaitan da ba a yi wa ba. Wani rukuni kuma sai da suka kai wata 23 da rabi aka fara musu, sau uku a mako, kuma ƙarfin riƙonsu da faɗin takunsu sun fi na sauran. Sakamako ne mai kyau, ba a musu.

To tsawon ran fa? Matsakaicin tsawon rayuwar waɗanda aka yi wa allura ya ɗara na sauran da kashi 6 da ɗoriya cikin 100. Masu binciken da kansu suka rubuta cewa alama ce kawai, ba ta kai matsayin da lissafi zai tabbatar ba, kuma ana buƙatar ɓeraye masu yawa kafin a ce wani abu. Ɓerayen kuma duk maza ne. Wannan 'yar alamar ita ce duk jarin da kalmar "tsawon rai" ke da shi a kan kwalbar nan. Mu a al'adarmu mun san ajali ba a hannun likita yake ba, kuma masu binciken na ƙwarai su ma sun fi son a yi maganar tsufa da lafiya, wato mutum ya kai shekarunsa yana iya tashi daga tabarma ba tare da an kama shi ba, yana zuwa masallaci ko kasuwa da ƙafarsa. A wannan fagen ne shaidar ɓerayen ta fi ƙarfi.

Da aka juyo kan mutane sai lissafi ya fara rikicewa. Masu talla na cewa MOTS-c yana raguwa da tsufa, don haka a mayar da abin da ya ɓata. Wani bincike da aka yi a Niyu Zilan a 2020 a kan maza masu lafiya ya nuna cewa lallai na cikin jini yana raguwa, da kusan kashi 21 cikin 100 a wurin dattawa in an kwatanta da samari. Amma na cikin tsoka, inda yake aikinsa, ya fi yawa a jikin dattawan, kusan ninki ɗaya da rabi. Ke nan tsokar tsoho ba ta rasa shi ba. Wataƙila tana ƙara ƙera shi ne don ta jure wahala, wataƙila kuma ta daina jin sa ne yadda jikin mai ciwon suga ke daina jin insulin. In na biyun ne, ƙara shi daga waje ba lallai ya yi wani abu ba.

Labarin Jafan ya fi wannan daɗin ji. Akwai wani ɗan canji a DNA na mitokondiriya da ake samu a tsakanin mutanen arewa maso gabashin Asiya, wanda ke sauya amino asid na 14 a jikin MOTS-c. A 2015 Noriyuki Fuku da abokansa suka kawo hasashen cewa wataƙila wannan canjin yana da hannu a yawan masu shekara 100 a Jafan. Hasashen ya bazu, har yau ana maimaita shi a tallace-tallace kamar an tabbatar. A 2021 Hirofumi Zempo tare da Fuku ɗin da wasu suka duba bayanan mutane fiye da 27,000. Abin da suka samu shi ne wannan canjin yana raunana MOTS-c, kuma maza masu ɗauke da shi sun fi kamuwa da ciwon suga nau'i na biyu, musamman waɗanda ba sa motsa jiki. A wurin mata ba a ga hakan ba. Alaƙar da tsawon rai kuwa ba ta tsaya ba da aka ƙara yawan mutanen da aka duba. Wannan shi ne mafi ƙarfin shaidar cewa MOTS-c yana da tasiri a jikin mutum, kuma ko a nan sai da motsa jiki ya shigo cikin lissafin.

A nan akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. In har canjin harafi ɗaya a DNA na mitokondiriya zai sauya aikin wannan feftayid, to asalin mutum ta wajen uwa yana da muhimmanci. Babu kuma nahiyar da ta kai Afirka bambance-bambance a wannan DNA, domin duk rassan da ke wajenta daga reshe ɗaya na nan suka tsiro. Amma yawancin binciken MOTS-c a kan mutanen Asiya da Turawa aka yi shi.

An taɓa ƙoƙarin mayar da shi magani ta hanyar da ta dace. Cohen da Nir Barzilai, masanin tsufa na Kwalejin Likitanci ta Albert Einstein da ke Niyu Yok, suna cikin waɗanda suka kafa kamfanin CohBar. Kamfanin bai yi amfani da MOTS-c yadda yake ba, sai ya gyara shi ya fitar da wani ɗan uwansa mai suna CB4211, don maganin kitsen hanta da ƙiba. A 2018 aka dakatar da gwajin na wani lokaci saboda kumburin da ke daɗewa a wurin da aka yi allurar. A Agustan 2021 aka fitar da sakamakon gwaji a kan mutum 20 masu ƙiba da kitse a hanta, an yi wa wasu allurar gaske wasu kuma ta bogi, kullum har mako huɗu. Sinadaran da ke nuna wahalar hanta sun sauka, sugar jini ta ragu da kusan kashi 6 cikin 100. Kitsen hantar kuwa, wanda don shi aka yi maganin, ya ragu kusan daidai a rukunonin biyu. Maganin bai wuce wannan matakin ba, kuma a ƙarshen 2023 kamfanin ya rufe. Rufewar kamfani ba hujja ba ce cewa magani ba ya aiki, sau da yawa kuɗi ne ke yankewa. Sai dai abin lura shi ne waɗanda suka gano abin, waɗanda suka fi kowa saninsa kuma suka fi kowa fatan ya yi nasara, iyakar inda suka kai ke nan: mutum 20, mako huɗu.

Wannan ya dawo da mu kan kwalbar. Wa ya ƙayyade yawan abin da za a yi wa mutum? Tsofaffin ɓerayen nan miligiram 15 ake ba su a kan kowane kilo na nauyinsu, kuma cikin kogon ciki ake zuba musu. In aka bi ƙa'idar da masu harhaɗa magani ke bi wajen juya lissafin ɓera zuwa na mutum, mai kilo 70 zai tashi da fiye da miligiram 80 a allura ɗaya, wato kwalba takwas. Masu saye kuwa kwalba ɗaya suke yi, ko rabinta. Ba ina nufin su ƙara ba ne, Allah ya kiyaye. Ina nufin adadin da ke yawo a tsakaninsu ba daga wani gwaji ya fito ba, farashi da ji-ta-ji-ta ne suka haife shi. Wanda ya ce ya ji ƙarfi bayan allura ba ƙarya yake yi ba, amma mutumin da ya kashe kuɗinsa, ya soki kansa, kuma galibi a makon ya fara gyara abinci da zuwa atisaye, da wuya ya ce bai ji komai ba. Don haka ne ake yin gwaji da allurar bogi.

Sai kuma abin da ke cikin garin. Kayan da aka rubuta wa "don bincike kawai" ba a tilasta wa mai yin sa ya bi ƙa'idar tsabtar maganin allura. Zai iya zuwa da guntayen feftayid da ba su kammalu ba, ko dafin bakteriya mai sa zazzaɓi, ko ma ya zama wani abu daban. A 2023 hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta sa MOTS-c cikin jerin sinadaran da ta ce akwai damuwa a kan lafiyar harhaɗa su, tana mai nuni da yiwuwar garkuwar jiki ta yi musu bore da kuma rashin bayanan gwaji a kan mutane. Batun garkuwar ba ƙarami ba ne, domin in jiki ya koyi yaƙar na kwalba, zai iya juyawa kan wanda yake ƙerawa da kansa. Hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta duniya, WADA, ita ma ta ambaci sunansa cikin haramtattu tun jerin 2024. Masu talla har da wannan suke kafa hujja, wai da ba ya aiki da ba a hana ba. WADA tana hana abu ne ko da zato ake yi zai ƙara kuzari, in dai yana iya cutarwa.

Wanda ya daɗe yana bin labarin magungunan tsufa ya ga irin wannan rawar a baya. Denham Harman ya kawo ra'ayin cewa wasu sinadarai masu lalata ƙwayoyin halitta ne ke kawo tsufa tun 1956, a 1972 kuma ya ɗora alhakin a kan mitokondiriya. Duniya ta rungumi bitamin masu kashe waɗannan sinadarai. Da aka yi babban gwaji a Finlan, sakamakon 1994 ya nuna masu shan taba da aka ba beta-karotin sun fi kamuwa da sankarar huhu da kashi 18 cikin 100. Resveratrol, wani sinadari da ke cikin ɓawon inabi, ya yi tashe har kamfanin magunguna na GlaxoSmithKline ya sayi Sirtris, kamfanin da ke bincike a kansa, a kan dala miliyan 720 a 2008, bayan shekara biyar ya rufe ofishinsa. A 2008 ɗin ne kuma aka yi ta yayata AICAR ɗin da muka ambata a matsayin "motsa jiki a cikin ƙwaya", bayan ya ƙara wa ɓeraye juriyar gudu da kashi 44 cikin 100. Abokin tafiyarsa a wannan binciken, GW501516, an yi watsi da shi saboda sankarar da ya haifar a jikin dabbobin gwaji, amma har gobe ana sayar da shi a intanet. Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsunsa. Cikin magunguna goma da ke shiga gwajin mutane, kusan tara ba sa kaiwa kasuwa.

Akwai ma'auni mai tsauri ga duk mai da'awar ƙara wa ɓera kwana. Cibiyar nazarin tsufa ta gwamnatin Amurka tana da shirin da ke gwada magani ɗaya a ɗakunan bincike uku a lokaci guda, a Maine da Michigan da Texas, a kan ɓeraye maza da mata masu gaurayayyen asali. A nan rapamycin, maganin da ake ba waɗanda aka yi wa dashen ƙoda, ya ci jarabawa a 2009, a nan kuma resveratrol ya faɗi. Irin wannan shaidar ce, daga hannun waɗanda ba su da hannun jari a ciki, za ta sa in ɗauki maganar tsawon rai da muhimmanci.

Duk abin da ya yi tashe a can ba ya daɗewa bai iso wayoyinmu ba, kuma mun riga mun ga yadda allurar glutathione ta masu neman hasken fata ta samu gindin zama a Najeriya. Ga mutanenmu son allura, har wani in ba a yi masa ba sai ya ga likita bai duba shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin kowane magani goma a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko mara inganci, wannan fa maganin da ke da rajista ake kwaikwaya, balle farin garin da ba shi da lambar NAFDAC kuma ba mai iya tantance shi da ido. Feftayid kuma da zarar an jiƙa shi sai firiji. A zafin Afrilu na Sakkwato ko Maraɗi, da wutar da ke zuwa ta tafi, ko na gaske ne aka samu ba a san abin da ya rage a ciki ba bayan kwana uku. Mai shan metformin ko mai yin insulin da ya ƙara wani abu mai sauke suga a kai ba tare da sanin likita ba, garin neman gira zai iya rasa ido. Mai juna biyu kuwa, abin da ke taɓa hanyar folet ba nata ba ne ko kusa.

Abin da ke ba ni dariya a duk lamarin shi ne hanya ɗaya tak da aka tabbatar tana ƙara MOTS-c a tsokar mutum ita ce wadda samarin nan 10 suka bi. Ita kuma shaidarta a kan tsofaffin mutane aka samo ta. A 1990 Maria Fiatarone ta sa raunanan dattawa 10 masu kimanin shekara 90 a wani gidan kula da tsofaffi a Boston suna ɗaga nauyi da ƙafa, bayan mako takwas ƙarfin tsokarsu ya ƙaru da kashi 174 cikin 100. A gwajin rigakafin ciwon suga na Amurka da aka wallafa a 2002, mai mutum 3,234, tafiyar minti 150 a mako da rage nauyi sun rage kamuwa da ciwon da kashi 58 cikin 100, metformin kuma da kashi 31. Motsa jiki yana taɓa zuciya da ƙashi da jijiyoyi da ƙwaƙwalwa ta hanyoyi masu yawa, MOTS-c ɗaya ne daga cikinsu. Akwai ma alamar cewa kunna AMPK da magani ba kullum yake tafiya tare da atisaye ba, don wani gwaji na 2019 ya nuna dattawan da ke ɗaga nauyi suna shan metformin tsokarsu ba ta ƙaru kamar ta waɗanda ba sa sha ba.

Wannan ba ya nufin a bar binciken. Akwai wanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, akwai mai ciwon zuciyar da ba ya iya taku 20, akwai tsohuwar da ƙugunta ya karye tsokarta ke zagwanyewa a kan gado. Su ne suka fi cancantar a nemo musu abin da zai yi wa tsoka magana a madadin motsi, kuma a kansu ya kamata a yi gwajin.

Wani feftayid ɗin na mitokondiriya ya riga ya bi wannan doguwar hanya, kuma ya nuna tsawonta. Sunansa SS-31 ko elamipretide. Shi ba jiki ke ƙera shi ba, Hazel Szeto da Peter Schiller ne suka harhaɗa shi a farkon shekarun 2000, amino asid 4 kacal, yana manne wa wani maiƙo mai suna kadiyolifin da ke bangon ciki na mitokondiriya ya daidaita shi. Shi ma ya farfaɗo da tsoka da zuciyar tsofaffin ɓeraye, shi ma ana sayar da garinsa a intanet. Babban gwajinsa a kan masu ciwon tsoka na mitokondiriya ya gaza a 2019. Sai a Satumbar 2025 FDA ta amince da shi da sunan Forzinity, amincewa ta wucin gadi da sharaɗin a ci gaba da gwaji, kuma don cuta ɗaya tak, cutar Barth, wata cutar gado mai raunana zuciya da tsoka, wadda masu fama da ita a Amurka duka ba su wuce kimanin 150 ba. FDA ba ta lissafa tsufa a matsayin cutar da za a yi wa magani rajista dominta. Barzilai ya tsara wani gwaji mai suna TAME don buɗe wannan ƙofa, mutum 3,000 'yan shekara 65 zuwa 79, a bi su shekara shida suna shan metformin, maganin da aka fi shekara 60 ana amfani da shi. Tun 2015 ya tattauna tsarin da hukumar, ya kuma shafe shekaru yana neman kuɗin gudanar da shi.